Maganar Ma'aikacinku Ce Ta Sa Mijina a Turu

Zuwa ga
Mai girma Babban Likita,
mai kula da gidajen likita na karkarar yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya ɗawainiya da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Hajara, amma Uwar Nana ake ce mini. Matar aure ce ni, da ƴaƴa huɗu, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. A ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe alƙalami da goyo a bayana, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Na sha zuwa bironka. Yau a ce ka tafi misiyo, wato tafiyar aiki, gobe a ce kana taro a Damagaram, jibi sakatare ya ce in bar saƙo. Na bar saƙo har na gaji da barinsa. Shi ya sa na rubuta wannan takarda a buɗe, zan kai ta gidan rediyo, zan kuma ba masu wayar salula su yaɗa ta. Na san za a ce na tona asirin gidan mijina, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga maganar a gajarce. Maigidana, Baban Nana, yana ɗaure yanzu haka da nake wannan rubutu. Ƙafarsa ta dama tana cikin turu, gungumen nan mai rami da ake zura ƙafar mai taɓin hankali a datse, a gidan wani mai magani can kusa da iyaka. Tun kafin shuka yake wurin, ga shi har gero ya fidda kai. Ƙafar ta yi gyambo, ƙudaje na binta. Yayansa ne ya kai shi, gaskiya ne, amma ma'aikacinka ne ya nuna musu hanyar, kuma sai ma'aikacinka ya sake buɗe baki za a kwance shi. Bari in jera maka yadda aka yi.

Na ɗaya. Ina so ka san mutumin da ake magana a kansa, don kada ka ɗauka wani ne mai tsumma a bakin tasha. Baban Nana tela ne. Duk mai cin kasuwar Mallawa ko ta Dogo-Dogo ya san shi da keken ɗinkinsa ɗaure a bayan moto. Mutum ne mai kunya, ko goro bai dame shi ba, balle abin maye. Na faɗi wannan ne don na san abin da bakin mutane ke fara kamawa in namiji ya samu irin wannan ciwo, wai ƙwaya ya sha.

A hankali abin ya shigo masa, shekarun baya, bayan kaka. Barci ya ƙaurace masa. Ya daina zama cikin abokansa. Yana tsakiyar ɗinki sai ya tsayar da ƙafa, ya karkata kai kamar mai sauraron wani a bayan danga. Da na matsa masa, ya ce wasu maza biyu ne ke hira a kansa, ba ya ganinsu, amma duk abin da ya yi sai sun faɗa: ga shi ya ɗauki almakashi, ga shi ya zauna, dubi banza. Ya ce rediyo ma da shi take. Ya daina cin tuwon kowa sai na fara kai loma a gabansa. Bai taɓa ɗaga hannu ya doki ko akuya ba. Tsoro ne ya cika shi.

Mun yi abin da kowa ke yi a nan. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an jiƙa saiwoyi iri-iri. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi, kuma in ba don ita ba da ni ma na zare. Amma dai akuyoyina sun ƙare a wannan hanya, mutumin nan kuwa sai ramewa yake. Wan maigidana, Yaya Alhaji, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma maganarsa ake bi. Shi tun farko ya yanke cewa iska ce ƙanensa ya gamu da ita a hanyar kasuwa.

Na biyu. Bara aka yi shela a rediyo cewa likitan ƙwaƙwalwa zai zo daga Damagaram ya duba marasa lafiya a gidan likitan da ke kusa da mu. Ba zan faɗi sunan wurin ba, sakatarenka ya san shi, na faɗa masa har ya haddace. Allah kaɗai ya san yaƙin da na yi kafin a bar ni in kai shi. Na yi kuka, na yi yaji, na dawo, na kama ƙafar Inna surukata har ta sa baki. Daga ƙarshe Yaya Alhaji ya ce to a gwada, amma in abin ya ɓaci, kowa ya shaida ni na jawo. Na ce na ji na ɗauka.

Likitan nan ya duba shi, ya ba shi ƙwayoyi. Wallahi, ranka ya daɗe, kafin wata ya zagayo mutumin nan ya fara barci har da minshari, ni kuwa ban taɓa jin minshari mai daɗin wannan ba. Ya koma cin abinci da hannunsa. Ya ce mini masu maganar sun yi nisa, kamar ana hira a gidan maƙwabta. Da ƙaramar salla shi ya ɗinka wa yaran gidanmu kaya, har mutanen gari suka dawo da kawo masa shadda. Da likitan ya sake zagayowa ya gan shi, ya ji daɗi, ya ce tun da ƙwayoyin na wuyar samu a ƙauye, za a mai da shi kan allura ta wata-wata, a riƙa yi masa a nan gidan likitanmu. Ya rubuta abu biyu a karne, ɗan littafin maganinsa: allurar, da wata ƙaramar ƙwaya da za a riƙa sha tare da ita.

Na uku, kuma daga nan laifinku ya fara. Ranar allurar farko aka ce mini ƙaramar ƙwayar ta yanke. Na ce to in hau taksi in nemo ta a farmasi a Magariya? Aka ce ba sai na wahalar da kaina ba, allurar ce magani, ƙwayar ƴar rakiya ce kawai. A tsaye aka yi masa allurar, aka ce na gaba ya shigo. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce, Uwar Nana, in kin ga abu kaza kada ki firgita, ki dawo da shi. Haba jama'a. Ko mai tallar maganin ɓera a kasuwa yakan ce a ɓoye wa yara. Ku da kuka yi shekaru a makaranta, kun zuba wa mutum magani mai ƙarfi irin wannan a jiki, kun sallame mu kamar mun zo sayen gishiri.

Na huɗu. Kwana kaɗan bayan nan, da hantsi, yana kan keken ɗinki, sai wuyansa ya murɗe ya koma gefe guda. Idanunsa suka kafe sama, fari kawai ake gani. Harshe ya fito waje, yawu na zuba, bayansa ya sanƙare. Mata suka cika gidan da salati. Kowa na faɗin abu ɗaya, wai aljanin ne ya ji allura ya fusata. Ni kuwa na kafe sai an mai da shi inda aka yi allurar. Aka ɗora shi a amalanken shanu, da ni da Yaya Alhaji da baffanninsu biyu.

Ranar kasuwar garin ce, farfajiyar gidan likitan cike da mutane. Majo, shugaban wurin, ba ya nan. Ma'aikacin da ke aiki ranar ya fito da farar rigarsa, salula a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Na miƙa masa karnen, bai karɓa ba. Bai sauko ya taɓa shi ba, bai tambayi me aka ba shi ba, ko yaushe abin ya fara. Daga inda yake tsaye ya leƙa amalanken, ya ce da ƙarfi a gaban kowa:

"Wannan ai ba na likita ba ne. Ku koma gida ku yi na Hausa."

Ya juya ya shige ciki. Yaya Alhaji ko kallona bai yi ba, cewa ya yi a juya shanu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kai ka yi karatu, kana zaune a birni, wataƙila ba ka san nauyin farar riga a ƙauye ba. In ni na ce ciwo ne, sai a ce mace ce, son mijinta ke magana. In mai farar riga ya ce ba nasu ba ne, to shari'a ta ƙare, ba ɗaukaka ƙara. Dattawan nan uku sun ji da kunnensu likita da kansa ya sallama wa aljani. Ko gida ba a biya da shi ba, kai tsaye aka wuce gidan mai magani.

Bayan ƴan kwanaki wuyan ya saki don kansa, mai magani ya sha yabo. Wata ya zagayo, ba a yi allura ba. Masu maganar nan suka dawo kunnensa, har sun fi da. Wata rana ya tashi ya kama hanyar gida da ƙafa, wurin ƴaƴansa yake so ya zo, aka ce aljani ne ke gudu da shi. Aka kamo shi aka sa a turu.

Na biyar. Da na ga ba mai sauraro na, na sayar da gyaɗar da na ajiye don iri, na shiga taksi ni kaɗai, ta Magariya har Damagaram. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta wurin ta zaunar da ni a benci, ta saurare ni tun daga farko har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce ciwon yana da suna, sikizofireni, sai da na sa ta maimaita har bakina ya iya. Ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana kama talaka da mai kuɗi, malami da jahili, kuma yawanci da ƙuruciya yake farawa. Maganar da yake ji, shi a kunnensa gaskiya ce, kamar yadda nake jin tata, ba ƙarya yake ba, ba kuma iskanci ba ne. Ta ce magani na kwantar da shi kamar yadda ake kwantar da hawan jini, a daɗe ana sha, in an yanke kuma ya tashi.

Da na kwatanta mata murɗewar wuyan, sai ta dafe kai. Ta ce wannan aikin allurar ne, sanannen abu ne, an koya wa duk wanda ya karanci jinya. Wasu jikinsu kan yi haka a farkon magani, shi ya sa aka rubuta masa ƙaramar ƙwayar da aka ce mini ƴar rakiya ce. Kuma ko da ya riga ya faru, akwai abin da ake ba mutum, kafin a dafa shayi a sauke wuyan ya saki. Ranka ya daɗe, a kan bencin nan na fashe da kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na takaici ne. Abin da bai kai dafa shayi ba, shi ya cinye mana damina guda da ƙafar mutum.

Ta koya mini abubuwan da ya kamata a ce tun ranar farko na ji su a gidan likitanmu. Kada in yi masa musu in ya ce ana magana, kada kuma in ce ni ma na ji. In ce masa ni ban ji ba, amma na san kai kana ji, kuma ina nan tare da kai. Kada a taru a kansa ana kallo ana hayaniya. A kula da barcinsa da cinsa da wankansa, a bar shi ya riƙa taɓa sana'arsa gwargwadon ƙarfinsa. In barci ya fara guje masa, ko ya fara keɓe kansa, a garzaya da shi tun abin bai yi nisa ba. Ta ce mutumin da ya riga ya yarda ana farautarsa, in ka ɗaure shi ka tabbatar masa da zancen ne kawai. Na roƙe ta magani in tafi da shi, ta ce ba ta iya ba da shi sai likita ya ga mara lafiya, in kawo shi. Gaskiyarta ce, ban ji haushinta ba.

Na shida, inda maganar ta cije. Na dawo na durƙusa gaban Yaya Alhaji, Inna na zaune, na zayyana masa duk abin da na jiyo. Ya saurare ni har na gama. Kada ka ɗauka mugu ne. Mutumin nan ya sayar da sansa na noma saboda ƙanensa, damman gero yake kai wa mai magani, kuma na ga idonsa ya yi ja ranar da ya ga ƙafar. Amma ya ce shi da kunnensa ya ji likita ya ce ba nasu ba ne, ni kuwa ji-ta-ji-ta na kawo daga birni. Ya ce an bi shawarata sau ɗaya, kowa ya ga abin da ya faru. Ya rantse in mai farar riga ya zo zaurensa ya faɗi abin da na faɗa, shi da hannunsa zai sa gatari ya fasa turun.

Na koma gidan likitan na samu majo. Ya ba ni haƙuri, ya ce ma'aikacin nan yaro ne sabo, firgita ya yi, bai taɓa ganin irin haka ba. Na ce to a zo a gaya wa dattawa haka. Ya ce ba ya iya barin wurin aiki ba da izini daga sama ba, kuma ba a ba shi esansi, wato man fetur, na wannan tafiya ba. Ranka ya daɗe, saman nan da ake faɗi kai ne. Kuma ina da ido: in lokacin ɗigon rigakafin yara ya zo, ko rabon gidan sauro, motocinku har rugar Fulani suke kaiwa, su bi tunga-tunga ba sa barin ko bukka ɗaya. Na gode da wannan, ƴaƴana sun amfana. Amma ashe hanyar garinmu ba ta ɓace muku ba, sai a kan mai ciwon ƙwaƙwalwa ne esansi ke ƙarewa.

Birni sun ce in kawo shi. Dattawa sun ce sai likita ya zo. Likita ya ce sai sama ta yarda. Ni ina tsakiya da tulun mai a ka, shi kuma yana gindin bishiya, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi. Kuma ba shi kaɗai ba ne a gidan nan. Akwai wasu a gindin wasu itatuwan, maza da mata. Nakan zauna da danginsu in mun haɗu wurin kai abinci, kuma na samu waɗanda su ma daga bakin mai farar riga suka ji irin wannan magana kafin su zo.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ko in ce nake nema, don haƙƙinmu ne.

Da farko, ka ba da izini a turo ma'aikaci da farar rigarsa zuwa zauren Yaya Alhaji, ya faɗa a gaban dattawan da suka ji ta farko cewa kuskure aka yi, ciwon nan na likita ne. An ce magana zarar bunu ce, na sani, amma wanda ya zare ya fi kowa sanin inda ya ɓula. A yi shi kafin a shiga girbi kowa ya watse gona, kuma kafin gyambon nan ya kai ƙashi.

Sannan a wanke masa ƙafar, a taimake ni da takarda da mota in kai shi Damagaram likitansa ya sake ganinsa.

Sannan kada a ƙara yi wa kowa wannan allura a tsaye. A zaunar da danginsa, har da babban gidan, ba matar kaɗai ba, a gaya musu abin da za su iya gani da abin da za su yi. In maganin da ke tafiya da ita ya yanke, a faɗi gaskiya, a ce a nemo.

Na ƙarshe, ka tara ma'aikatanka a koya musu wannan ciwo, ka kuma hana su wannan kalma. Wanda bai gane abu ba ya ce ban sani ba, ku je gaba. Ba abin kunya ba ne. Ni ba korar yaron nan nake nema ba, shi ma ɗan wasu ne, kuma ko dala ɗaya ba na so daga hannun kowa.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ma ya sa na zauna na yi wannan rubutu. Juma'ar da ta wuce na kai masa fura. Na same shi hankalinsa ya ɗan dawo, yakan yi haka wani lokaci. Ina wanke masa ƙafar da ruwan gishiri, ina ba shi labarin abin da aka gaya mini a Damagaram, ban ma zaci yana bi ba. Sai ya ce mini, a hankali:

"Ai na sani. Ranar nan a kan amalanke duk ina jinku. Na so in ce masa allurar ce, harshena ya ƙi."

Ashe duk abin nan da idonsa ya kafe, hankalinsa garau yake. Yana kwance yana ji aka ce ba na likita ba ne, yana ji aka ce a juya shanu, ya san inda za a kai shi, ya kasa cewa uffan. Don haka wanda za ka turo, in ya gama da zauren dattawa, kada ya hau moto ya juya. Ya ƙarasa gindin bishiyar nan, ya durƙusa daidai kunnen Baban Nana, ya faɗa masa shi ma.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya tsare ka da zuriyarka daga ciwon da za a juya muku baya a kansa. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka kwanta kana ji ana yanke hukunci a kanka, bakinka ya kasa motsi. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
Hajara Uwar Nana,
matar telan da ke turu.